Umaru Ganda, ɗan dakon da ya zama mai shirya fim

1. Yarinta da aikin soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekara ta 1935. Bazabarme ne. A lokacin nan Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Yamai kuwa ƙaramin gari ce a bakin kogin Isa. Ba a daɗe da mayar da ita babban birni ba, don sai a 1926 aka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram aka kai shi can.

Umaru ya yi makarantar firamare a Yamai, amma bai yi nisa da karatu ba. Tun bai cika shekara 18 ba ya shiga aikin soja a rundunar Faransa. A zamanin nan Faransa tana yaƙi a wani yanki mai nisa na gabashin Asiya da ake kira Indoshin. Yankin nan shi ne ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambojiya na yau. Mutanen can sun tashi neman ƴancin kansu, Faransa kuwa ba ta son sakin su. An fara yaƙin a 1946, aka gama a 1954, bayan an ci sojojin Faransa a wani kwari da ake kira Diyen Biyen Fu.

Faransa ta kwashi samari masu yawa daga ƙasashen Afirka ta kai su wannan yaƙi. Umaru yana cikinsu. Ya yi shekara 2 a can, cikin fadamun shinkafa da ruwan sama mai yawa, yana yaƙi da mutanen da ba su yi masa laifin komi ba. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya dawo gida da rai. Amma abin da ya gani bai fita daga zuciyarsa ba.

2. Ci-rani a Abijan

Da ya dawo Yamai sai ya shiga neman aiki. Ya nema, bai samu ba. Soja ya iya riƙon bindiga, amma bindiga ba sana'a ba ce a lokacin zaman lafiya.

A shekarun nan samarin Nijar da yawa sukan tafi ci-rani ƙasashen bakin teku. Waɗansu su nufi Kumasi da Akara, waɗansu su nufi Abijan ta ƙasar Kodebuwa. A 1951 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a Abijan, labari ya bazu cewa akwai aiki can. Umaru ya bi sahun ƴan'uwansa. Ya sauka a Tireshbil, unguwar talakawa da baƙi, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

Aikin dako ba shi da tabbas. Da sassafe mutum zai je ya tsaya bakin ƙofa tare da ɗaruruwan mutane. Wata rana a ɗauke shi ya yini yana saɓa buhuna, wata rana ya koma hannu wofi. Abin da ya samu yau, shi zai ci yau. Haka Umaru ya zauna, har ranar da ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jan Rush.

3. Bature mai kamara

Jan Rush ya fara zuwa Nijar a 1941, yana injiniyan hanyoyi da gadoji. Daga baya ya bar wannan aiki, ya koma binciken al'adun mutane da ɗaukar su a fim. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi kogin Isa a kwalekwale, tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku. A cikin tafiyar nan ƙafafun da ake ɗora kamara a kansu suka salwanta. Dole ya riƙe kamara a hannu. Ashe hasarar nan alheri ce: tun daga nan ya saba bin mutane da kamara duk inda suka nufa, maimakon ya kafa ta wuri ɗaya ya ce su zo gabanta.

A Abijan, Rush yana binciken zaman ƴan ci-ranin Nijar. Yana bukatar wanda ya san su, ya iya harshensu, ya kuma iya rubutu. Sai ya ɗauki Umaru aikin ƙidaya da yi wa mutane tambayoyi. Da tafiya ta yi tafiya, ya lura saurayin nan ya iya magana, ya iya ba da labari. Suka shirya yin fim a kan zaman ƴan ci-rani, Umaru ya zama babban ɗan wasa a ciki.

An ɗauki fim ɗin a Tireshbil a 1957. Sunansa da Faransanci Moi, un noir, wato Ni, baƙar fata. Ba a rubuta labarin a takarda ba. Samarin sun nuna zamansu ne na mako guda: neman aiki, cin abinci a bakin titi, wankan teku, rawar daren Asabar, da komawa dako ran Litinin. Waɗansunsu sun ari sunayen ƴan wasan silima da suke so. Umaru ya ɗauki sunan Edward G. Robinson, wani ɗan wasan Amurka.

4. Yadda kamarar da take aiki

Kafin a gane gwanintar Umaru, sai an san yadda ake yin fim a wancan zamani.

Hoton silima ba ya motsi da kansa. Kamara tana ɗaukar hotuna tsayayyu ne, guda 24 a cikin kowace daƙiƙa, a jere bisa wani dogon zare mai kama da ɗamara. In aka haska su a bango da irin wannan sauri, sai ido ya ga kamar mutum yana tafiya. Zaren da Rush yake aiki da shi faɗinsa milimita 16 ne. Ƙunshi ɗaya tsawonsa wajen mita 30, ba ya kai minti 3 sai ya ƙare. Ga shi da tsada, kuma abin da aka ɗauka ya ɗauku, ba a gogewa.

Kamarar ba ta aiki da batir. Wani ƙarfe ake murɗawa kamar na agogon da. In an murɗa, sai ta yi wajen daƙiƙa 25 tana ɗauka, sannan ta tsaya. Saboda haka mai ɗauka ba ya latsawa sai ya yi tunani: ina zai tsaya, me zai shiga hoto, me zai biyo baya.

Abu na ƙarshe, kamarar ba ta ɗaukar murya. Hotunan Tireshbil duka bebaye ne. Sai bayan an wanke zaren, an yanka, an jera, sannan aka haska wa Umaru fim ɗin aka aje masa makirfo. Yana kallon kansa a bango, yana magana yadda ta zo masa. Ya yi ba'a, ya yi fushi, ya faɗi burinsa, ya koka da talauci. A ƙarshen fim ɗin an gan shi yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana ba shi labarin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon jifa da gurneti.

Muryar nan ita ta ba fim ɗin rai. A 1958 ya ci kyautar Luwi Deluk, ɗaya daga manyan kyaututtukan silima na Faransa. Masu kallo a Turai sun saba ganin baƙar fata a fim yana rawa ko yana ɗauke da kaya, wani Bature yana bayani a kansa. A nan kuwa sun ji ɗan dako yana faɗin abin da ke ransa da bakinsa.

Duk da haka akwai abin da ya rage. Murya ta Umaru ce, rayuwa tasa ce, amma kamara tana hannun wani. Wani ne ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yar.

5. Koyon sana'a a gida

A zamanin mulkin mallaka ba kowa ke ɗaukar fim ba. Tun 1934 akwai dokar Faransa da ta hana a ɗauki fim a ƙasashen Afirka da take mulki sai da izinin hukuma. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƴan Afirka ba su fara shirya finafinansu da wuri ba.

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kanta. Umaru ya dawo Yamai. A gidan raya al'adu na Faransa da Nijar an kafa ƙungiyar masu sha'awar silima, inda ma'aikata suke koya wa samari riƙon kamara da ɗaukar murya da shirya wasa. Umaru ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikaci. Wanda aka nuna fuskarsa a gidajen silima na Pari, ga shi yana ɗaukar wa waɗansu kaya yana koyo. Bai ga wannan ƙasƙanci ba ne.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Mustafa Alasan ya riga shi farawa: ya yi fim ɗin Aure a 1962, ya kuma yi finafinan zane masu motsi. Daga baya ya zauna a Tawa shekaru masu yawa. Akwai kuma Zalika Sule, wadda ta fara wasa a 1966, a lokacin da mutane da yawa suke ganin fitowar mace a fim abin kunya ne. Ta yi wasa a finafinan Umaru.

6. Kabaskabo

A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Umaru bai je nesa neman labari ba. Ya rubuta abin da ya sani. Daga nan aka samu fim ɗinsa na farko, Kabaskabo. Tsawonsa minti 45, hotonsa baƙi da fari, maganar ciki da Zabarmanci. Shi ya shirya, shi ya fito a matsayin Kabaskabo.

Kabaskabo soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Dangi da abokai suka tarye shi, maroƙa suka yi ta yi masa kirari. Ya yi ta rabo, ya yi ta shagali. Da kuɗi suka ƙare, sai aka watse aka bar shi. Ya nemi aiki, aka wulaƙanta shi. A ƙarshe ya juya wa birni baya, ya nufi karkara don ya ci guminsa.

A cikin fim ɗin, Kabaskabo yakan zauna yana ba abokansa labarin yaƙi. Nan da nan sai mai kallo ya gan shi cikin kayan soja a fagen fama, can kuma sai a dawo da shi wurin hira. Yaya aka yi haka? Wannan shi ne aikin harhaɗawa, wanda ma'aikatan silima suke kira montaj.

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda ake kallonsa. Ana iya ɗaukar ƙarshe yau, a ɗauki farko gobe. In an gama, sai mai harhaɗawa ya zauna gaban tebur, ya duba zaren, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya zaɓi masu kyau, ya liƙa su da gam ko da salatif. Aikinsa kamar na tela ne: yadi ɗaya, amma yanka da ɗinki su ke fitar da riga. In aka nuna fuskar mutum yana tunani, aka bi ta da hoton yaƙi, mai kallo zai gane mutumin yaƙi yake tunawa, ko ba a gaya masa ba. In aka bi fuskar nan da hoton akushin tuwo, sai ya ce yunwa yake ji. Fuska ɗaya ce, abin da aka jera bayanta ne ya sāke ma'ana.

A shekarun nan babu wurin wanke zaren fim a Nijar. Sai an aika da shi Faransa. Mai shirya fim yakan gama ɗauka bai ga ko hoto ɗaya ba. In haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sai bayan makonni zai sani.

Labarin Indoshin da Umaru ya faɗa a ƙarshen fim ɗin Rush cikin ƴan mintoci, yanzu ya ba da shi cikakke, da harshensa, a jere yadda ya ga dama. A 1969 aka nuna Kabaskabo a bikin silima na birnin Kan a Faransa. A shekarar nan kuma ya samu lambar yabo a bikin Mosko.

7. Dokin Yennenga

Fim ɗinsa na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazu ita ce wa'azi. Labarin wani alhaji ne da ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya mai suna Satu. An riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Alhaji ya sa dukiya, iyaye suka ba shi. Matarsa ta biyu ta ƙi yarda, kishi ya kai ta ga yin kisa, kuma ba wadda ta nufa ta kashe ba. Umaru bai zagi addini ba. Ya nuna mutumin da ke wa'azi da baki, aikinsa kuwa dabam, ya kuma nuna abin da auren dole yake jawowa.

Tun 1969 ake yin bikin finafinan Afirka a Wagadugu, wanda ake kira Fespako. A lokacin sunan ƙasar Hot-Bolta, sai a 1984 ta zama Burkina Faso. A 1972 aka fara ba da babbar kyauta a bikin, mai suna Dokin Yennenga. Yennenga gimbiya ce jaruma, wadda Mosawa suke ɗauka uwar kakanninsu. Wanda ya fara cin kyautar nan a duk Afirka shi ne Umaru Ganda, da wannan fim.

Bayan haka ya yi Saitane, wato Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da ke fakewa da malanta yana shiga tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. A 1980 ya yi L'Exilé, wato wanda ya yi gudun hijira. Daga tatsuniya ya ɗauko shi, jigonsa kuwa cika alkawari: mutum ya faɗi magana gaban sarki, maganar nan ta bi shi har ƙarshen ransa. Ya kuma yi finafinan da ke nuna al'adun ƙasa yadda suke.

8. Rasuwarsa da abin da ya bari

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ran 1 ga Janairu 1981, sanadin ciwon zuciya. Shekarunsa 45, yana tsakiyar aikin wani fim. Allah ya jiƙansa. An sa wa babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa. Fespako kuma ta ƙago kyautar Umaru Ganda, wadda tun farko aka ware wa wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Jan Rush ya rasu a 2004 cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai.

Yau kayan aiki sun sāke. Wayar salula tana ɗaukar hoto mai launi da murya lokaci ɗaya. Ba a jiran jirgi ya dawo da zare daga Pari. Ana yanka da liƙi da ɗan yatsa, a waya ko a kwamfuta. Amma dokokin aikin suna nan yadda mutanen da suka san su. Mai ɗauka ya san labarin da zai bayar tun kafin ya latsa. Ya riƙe waya da hannu biyu, ya manne gwiwar hannu a jiki don kada hoto ya yi rawa. Ya bar rana a bayansa ko a gefensa, don in tana bayan wanda ake ɗauka fuskarsa za ta yi duhu. Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana taushi. Ya ɗauki gajeru-gajeru: ɗaya daga nesa don a ga wuri, ɗaya daga kusa don a ga fuska, ɗaya a kan hannu don a ga aiki. Ya matsa kusa da mai magana, ya kauce wa iska. Wajen harhaɗawa, ya zubar da duk abin da ba ya ƙara wa labari komi. Gaba da duka, kada ya ɗauki mutum sai da yardarsa, kada kuma ya jera hotuna yadda za su yi wa wani ƙarya.

Umaru bai yi doguwar makaranta ba, bai gaji dukiya ba. Ya fara a gaban kamarar wani, ya yi haƙuri ya koyi sana'a, har ya koma bayanta. Labaran da ya bayar na gida ne: tsohon soja, ɗan ci-rani, yarinyar da aka yi wa dole. Da su aka san sunan Nijar a Wagadugu da Kan da Mosko.

Ma'anar kalmomi

Ci-rani: barin gida bayan girbi don neman kuɗi a wani wuri.
Ɗan dako: mai ɗaukar kayan mutane a biya shi.
Kuɗin sallama: kuɗin da ake ba ma'aikaci in ya bar aiki.
Harhaɗawa: yanka hotunan fim da jera su don su ba da labari.
Jigo: babban abin da labari yake magana a kai.

Tambayoyi

1. Me ya kai Umaru Ganda Indoshin? Me ya kai shi Abijan?
2. Don me mai ɗaukar fim na da ba ya latsa kamara sai ya yi tunani?
3. Yaya aka sa murya a fim ɗin da aka ɗauka a Tireshbil?
4. Mene ne bambancin aikin Umaru a fim ɗin Rush da aikinsa a Kabaskabo?
5. Hotuna nawa kamara take ɗauka cikin minti 1, in tana ɗaukar 24 a kowace daƙiƙa?

Aiki

Ku zana hotuna 4 a kan ƙananan takardu: yaro yana gudu, kare, tulu a fashe, uwa tsaye bakin ƙofa. Ku jera su, ku ba da labari. Sannan ku sāke jerin, ku ga ko labarin ya sāke. Ku rubuta labaran biyu a littafinku.